Dashen Kitse Da Ƙwayoyin Tushe: Yadda Abin Yake A Likitance Da Hukuncinsa A Shari'a

 

Dashen kitse shi ne likita ya zuƙo kitse daga wani sashe na jikin mutum, galibi ciki ko cinya, ya tace shi, sannan ya mayar da shi ta allura a wani sashen jikin mutumin da ya lotsa, ko ya motse, ko tabo ya ɗaure shi. Ƙwayoyin tushe kuwa, waɗanda mu a nan Sudan muka fi jin su da sunansu na Larabci, al-khalaya al-jiz'iyya, ƙwayoyin halitta ne da ba su riga sun zama wani abu takamaimai ba. Suna iya hayayyafa, kuma suna iya rikiɗa su zama kitse ko ƙashi ko guringuntsi gwargwadon abin da jiki ya nema. Abin da ya haɗa biyun shi ne kitsen da aka dasa ba ya rayuwa duka, wani ɓangare mai yawa yana narkewa, likitoci kuma suna neman hanyar rage wannan asara ta ƙara masa ƙwayoyin tushen da Allah Ya ajiye cikin kitsen kansa.

Mas'alar ta shafe mu a Gadarif. Duk wanda ya zauna a wannan jiha ya san yadda gobara take cin ɗakunan ciyawa da rani, da yadda yara suke faɗawa garwashi da ruwan zafi. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a Disamba na shekarar, garin ya cika da 'yan gudun hijira, cikinsu akwai masu raunin harsashi da ɓaraguzan bam da ƙuna. Rauni yakan warke ya bar rami a fuska, ko fata ta manne da ƙashi. Akwai kuma matan da aka yanke wa nono saboda sankara, aka gasa wurin da haske. Irin waɗannan bayin Allah, in sun samu hali sun fita Alƙahira ko Indiya ko Turkiyya neman magani, za su tarar da tallar ƙwayoyin tushe ta ko'ina. Magidanci yana iya sayar da riɗin shekara guda a kan maganar da bai fahimta ba.

Asalin aikin

Likitan tiyata na Jamus, Gustav Neuber, shi ne ya fara ba da rahoton wannan aiki a 1893. Ya yanko ɗan kitse daga damtsen wani majinyaci ya cike tabon da ya lotsa kusa da idonsa. Tun a lokacin ya lura cewa gutsuren da ya wuce girman ƙwayar lauzu, wato kusan ƙwallon dabino, ba ya kamawa. A 1950 Lyndon Peer na Amurka ya auna, ya samu kitsen da aka dasa yana rasa kusan kashi 45 cikin 100 na nauyinsa a shekara guda. Wannan ya sa likitoci da yawa suka juya wa aikin baya. Bai farfaɗo ba sai da Yves-Gérard Illouz na Faransa ya yaɗa hanyar zuƙo kitse da siririn bututu a ƙarshen shekarun 1970, sannan Sydney Coleman na Niyok ya tsara yadda ake tacewa da shukawa a shekarun 1990. Har yau rahotannin likitoci sun bambanta ƙwarai a kan abin da yake narkewa, daga kusan rubu'i har zuwa kashi 80 cikin 100.

Me yake kashe kitsen da aka dasa?

Manomin gaɓar kogin Rahad da ya saba dashen albasa ba zai sha wahalar gane wannan ba. Dashe yana fita daga ƙasarsa ba tare da cikakkiyar saiwa ba, kuma kwanakin farko su ne masu hatsari. Haka kitse yake. A mazauninsa na asali, kusan kowace ƙwayar kitse tana jingine da siririyar hanyar jini da take kawo mata iskar oksijin da abinci. Da zarar an zuƙo ta, an yanke ta daga wannan hanya. A sabon wurin ba ta da abin rayuwa sai ɗan abin da yake tsattsafowa daga naman da ya kewaye ta, har sai sababbin hanyoyin jini sun tsiro sun iske ta, abin da yake ɗaukar kwanaki.

Masu bincike a Jami'ar Tokiyo, ƙarƙashin Kotaro Yoshimura, sun bi diddigin abin da yake faruwa cikin waɗannan kwanaki, suka wallafa sakamakon a 2012. Sun samu kowane dunƙulen kitse da aka dasa yana rabuwa gida 3. Ɓawon waje, wanda kaurinsa bai wuce kusan kashi 3 cikin 10 na milimita ba, shi kaɗai ne ƙwayoyin kitsensa suke tsira. A ƙarƙashinsa akwai yankin da ƙwayoyin kitse suke mutuwa tun a yinin farko, amma ƙwayoyin tushe suna jurewa, domin suna iya kai kusan kwana 3 cikin ƙarancin oksijin. In jini ya iso kafin su ma su mutu, sai su hayayyafa su maye gurbin waɗanda suka mutu da sababbin ƙwayoyin kitse. Can tsakiya kuwa babu mai tsira. Jiki yakan shanye mataccen, ko ya bar ƙullutu mai tauri, ko jakar mai, wani lokaci har ya daskare kamar alli.

Ma'anar wannan ita ce mafi yawan kitsen da ake gani bayan wata 3 sabon kitse ne da ƙwayoyin tushe suka gina a gurbin tsohon. Tsarki ya tabbata ga Mai fitar da rayayye daga matacce. Wannan gini ba baƙon abu ba ne ga jiki: binciken da aka yi a Cibiyar Karolinska ta Suwidin a 2008 ya nuna jikin baligi yana sabunta kusan kashi 10 cikin 100 na ƙwayoyin kitsensa duk shekara.

Daga nan ake gane dalilin hanyar Coleman. Ana zuƙowa a hankali da sirinji don kada ƙwayoyin su farfashe. Ana sanya sirinjin a na'ura mai wulwulawa, juyi 3,000 a minti har tsawon minti 3, sai abin ya rabu: mai a sama, jini da ruwa a ƙasa, kitse mai amfani a tsakiya. Sai a shuka shi sirara-sirara, ana ja da allura baya ana ajiye ɗigo kaɗan, layi bayan layi, don kowane zare ya samu nama mai rai a gefensa. Likitan da ya ɗura kitse dunƙule guda a wuri ɗaya ya yi kamar wanda ya juye buhun iri a rami ɗaya.

Ƙwayoyin tushe na cikin kitse

Da can an ɗauka ɓargo ne babbar ma'ajiyar waɗannan ƙwayoyi a jikin baligi. A 2001 Patricia Zuk da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles suka nuna kitsen da ake zuƙowa a zubar yana ɗauke da su, kuma da yawan da ya zarce na ɓargo nesa ba kusa ba. Suna zaune ne a kewayen hanyoyin jini. Amfaninsu ga dashe bai tsaya ga zama sabon kitse ba. Suna fitar da sinadarai masu kiran hanyoyin jini su tsiro, masu rage kumburi, masu sassauta taurin tabo. Wannan ne ya sa Gino Rigotti na Italiya ya ba da rahoto a 2007 cewa naman da hasken maganin sankara ya lalata yana laushi, gyambonsa yana warkewa, bayan an yi masa allurar kitse sau da dama. Likitocin ƙuna ma sun ga irin wannan a tabo mai ƙaiƙayi da ɗaurewa.

Mutanen Yoshimura sun lura da wani abu: kitsen da aka zuƙo da bututu yana da kusan rabin ƙwayoyin tushen da ke cikin wanda aka yanko da wuƙa, domin da yawansu suna manne da manyan hanyoyin jini da bututun ya bari a baya. Don haka a 2006 suka kawo shawarar a ƙara wa dashen ƙwayoyin. Hanya biyu ce ake bi, kuma ya kamata majinyaci ya san wacce ake faɗa masa.

Ta farko ana gama ta a zama ɗaya. Ana raba kitsen biyu, a narkar da rabi da wani sinadari mai suna kolajenes, a tace, a samu ɗan gari-gari na ƙwayoyi iri-iri da ƙwayoyin tushe a cikinsu, a gauraya da ɗaya rabin a dasa. Aibinta shi ne tana cinye rabin kitsen. Ga ramammen mutum, kamar yawancin waɗanda yaƙi da yunwa suka taɓa, wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Kuma ba a iya aro: kitsen wani mutum, ko da uwa ce ga ɗanta, garkuwar jiki takan ƙi shi.

Ta biyu ita ce a ɗebi kitse kaɗan, a ware ƙwayoyin, a rene su a ɗakin gwaji na makonni har su kai miliyoyi, sannan a dawo a yi dashen. Shahararren gwaji a kan wannan an yi shi ne a Kopenhagen ta Denmak, aka wallafa a mujallar The Lancet a 2013. Mutum 10 aka yi wa dashen mililita 30 a kowane damtse, ɗaya da ƙarin ƙwayoyi miliyan 20 a kowace mililita, ɗaya ba ƙari. Bayan kwana 121 mai ƙarin ya riƙe kashi 80.9 cikin 100 na girmansa, ɗayan kuwa kashi 16.3. A shekarar dai, wani gwaji a Sao Paulo ta Birazil kan masu tawayar gefen fuska ta haihuwa, da hanyar farko, ya samu kashi 88 da kashi 54 bayan wata 6. Amma a Finlan, a wannan shekarar ta 2013, an gwada hanyar farko a dashen nono ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba.

Ɗalibin ilimi ya san bambancin hadisin da ya zo ta hanyoyi masu yawa da wanda ya zo ta hanya ɗaya. A ganina haka ya kamata a kalli waɗannan alƙaluma. Mutum 10 masu lafiya da aka ɗura wa kitse dunƙule a damtse, da gangan don a iya aunawa, ba su ne mai tabon ƙuna a kumatu ba. Kashi 16.3 ɗin nan ma ya yi ƙasa da abin da ƙwararren likita yake samu in ya shuka sirara-sirara. Renon ƙwayoyi yana bukatar ɗakin gwaji mai tsananin tsafta da lasisi da lantarki maras yankewa, kuma yana da tsada. Ga mafi yawan majinyata, dashe na yau da kullum a hannun gwani, a maimaita sau 2 ko 3, shi ne abin da ya tabbata.

Abin da yake hannun majinyaci, da iyakar aikin

Nikotin yana tsuke ƙananan hanyoyin jini, waɗanda su ne rayuwar dashe. Mai shan sigari ko shisha, da mai sa tumbak a leɓe, sai ya bari makonni kafin aiki da bayansa. Mai ciwon sukari sai ya daidaita shi. Ba a danne wurin, ba a murza shi a makonnin farko. Kumburin farko yakan ruɗi mutum ya ɗauka duka ya kama. Ba a yanke hukunci sai bayan wata 3 zuwa 6. Wanda ya kama ya zama nama mai rai, yana ƙaruwa in mutum ya yi ƙiba, yana raguwa in ya rame.

Kitse yana cike lotsawa ne, ba ya toshe ɓuli. Yaran da cutar noma ta cinye wa kumatu ko leɓe, irin waɗanda ake yi wa aiki a asibitin noma na Sakkwato tun 1999, suna bukatar a ɗauko fata da nama masu hanyar jininsu a rufe wurin tukuna. Haka ma ba a dasa kitse a raunin da yake da ruɓa.

Game da sankarar nono, ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta Amurka ta hana dashen kitse a nono a 1987 don tsoron ƙullutun zai rikita hoton bincike, sannan ta sassauta a 2009. Bibiyar matan da aka yi wa dashe na yau da kullum ba ta nuna ƙaruwar dawowar cutar ba. Sai dai a ɗakin gwaji an ga ƙwayoyin tushe suna ƙarfafa ƙwayoyin sankara, don haka ƙarin ƙwayoyi ga wadda ta yi wannan ciwo abu ne da sai likitan sankararta ya amince.

Hatsari mafi muni shi ne kitse ya shiga jijiyar jini. A fuska yana iya makantarwa nan take. A mazaunai yana iya tafiya huhu ya kashe. A 2018 ƙungiyoyin likitocin gyaran jiki sun fitar da gargaɗi suna ƙiyasta mutuwa 1 cikin kusan 3,000 a aikin ƙara girman mazaunai. Sannan akwai masu cinikin sunan ƙwayoyin tushe a matsayin maganin kowace cuta. A 2015, a jihar Fulorida ta Amurka, wani asibitin kuɗi ya yi wa tsofaffin mata 3 allurar ƙwayoyin kitsensu a cikin ido biyu, kowacce ta biya dala 5,000, dukansu suka yi mummunar asarar gani. In haka ta faru a Amurka, sai mai zuwa neman magani a baƙuwar ƙasa ya buɗe ido.

Hukuncin Shari'a

Tambayar farko ita ce tsarki. Hadisin Abu Waƙid al-Laisi da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya nuna abin da aka yanke daga dabba tana raye hukuncinsa na mushe ne. To kitsen da aka raba da jikin mutum ya zama najasa ke nan, har a ce mai ɗauke da shi yana salla da najasa? Amsa ita ce abin da aka yanke yana bin hukuncin gawar mai shi. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Khalil ya kawo saɓani kan gawar ɗan Adam a Mukhtasar, ya nuna Ibn Rushd ya rinjayar da tsarkinta, kuma wannan ne abin dogaro wurin masu sharhi irin su Dardir. Balle kuma kitsen ya koma cikin jiki, jini ya ratsa shi.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa, ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a Fabrairu 1988 ta halatta ɗauke wani sashe daga jikin mutum zuwa wani wuri a jikinsa, da sharaɗin amfanin da ake tsammani ya rinjayi cutarwar, kuma manufar ta zama mayar da gaɓa ko siffarta ko aikinta, ko gyara aibi, ko kawar da munin da yake cutar da mutum a jiki ko a zuciya. A lura da ambaton zuciya. Yarinyar da ta daina zuwa makaranta saboda tabon fuskarta tana cikin cutuwa ta haƙiƙa. Wannan ƙuduri ya kuma haramta sayar da sassan jiki. Asalin babin shi ne labarin Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab na jahiliyya. Ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare, alhali zinare haramun ne ga maza.

Su kuwa ƙwayoyin tushe, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta tattauna su a zamanta na 17 a Makka, Disamba 2003. Ta halatta samun su da renonsu don magani ko bincike in tushensu halal ne, ta fara da baligi da ya ba da izini ba tare da cutuwa ba, da yaro da izinin waliyyinsa don maslaha. Ta haramta waɗanda aka samo daga cikin da aka zubar da gangan ba da uzurin Shari'a ba. Ƙwayoyin kitse na jikin majinyacin kansa su ne mafi nisa daga shubuha a wannan babi. Abin da ya rage shi ne ruwan renon: wasu ɗakunan gwaji suna amfani da ruwan jinin ɗan tayin saniya da wani sinadari na alade, wasu suna amfani da abin da aka tace daga jinin mutum, kamar yadda aka yi a Kopenhagen. Ana wanke ƙwayoyin kafin a mayar, kuma malamai suna da magana kan rikiɗar najasa da larurar magani, amma inda akwai zaɓi sai a tambaya a ɗauki mai tsarki.

Inda hukunci yake juyawa shi ne manufa. Aya ta 119 a Suratun Nisa'i ta sanya canja halittar Allah cikin abin da Shaiɗan yake umarni da shi, hadisin Ibn Mas'ud a Bukhari da Muslim kuma ya la'anci masu yin zane a fata da masu tsaga haƙori don ado. Imam Nawawi ya ciro daga ƙaidin ado cewa in don magani ne ko aibi, babu laifi. A kan wannan Majalisar Ƙasa da Ƙasa ta gina ƙudurinta na Putrajaya ta Malesiya a Yuli 2007: ta halatta gyaran aibin haihuwa da na ƙuna da haɗari da cuta, har da sake gina nonon da aka yanke, ta hana canja siffa lafiyayya don son rai ko kwaikwayon wasu, ta kuma hana gusar da tamojin tsufa da tiyata ko allura sai in ya zama cuta. Don haka budurwa mai lafiya da take neman ƙarin mazaunai saboda abin da take gani a TikTok ba ta shiga rangwamen ba. Ta haɗa canja halitta da jefa rai cikin hatsari, in kuma don a ruɗi mai neman aure ne, ga algus a kai. Wannan da shan ƙwayoyin sha-ka-fashe duk rijiya ɗaya suke ɗiba, kuma mazan da suke aibata jikin matansu suna da kaso a zunubin.

Sauran rassa gajeru ne. Kitsen yana ƙarƙashin fata, ba ya hana ruwa isa, don haka alwala da wanka suna nan yadda suke. Kwanakin bandeji sai a yi shafa a kansa. Allurar da ba ta abinci ba ba ta karya azumi bisa ƙudurin Majalisar na 1997, amma aikin yakan zo da allurar barci da ƙarin ruwa, kuma ba na gaggawa ba ne, don haka na fi son a ɗaga shi zuwa bayan Ramadan. Tun da ciki da cinya al'aura ne, mace ta nemi likita mace in akwai ƙwararriya, in babu sai namiji amintacce ba tare da keɓewa ba, a buɗe gwargwadon bukata. Ragowar kitsen an fi so a binne shi, kuma asibiti ba shi da haƙƙin ajiye shi don bincike sai da izinin mai shi.

Shi ma likita yana da nasa. Hadisin da Abu Dawud da Nasa'i da Ibn Majah suka ruwaito ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi aikin likita ba a san shi da shi ba. Ƙudurin 2007 ya wajabta wa likita ya bayyana wa majinyaci hatsari da abin da ake tsammani dalla-dalla. Saboda haka kafin a biya kuɗi, majinyaci ko waliyyinsa yana da haƙƙin ya tambaya: wace hanya ce cikin biyun, wace hukuma ta ba ɗakin gwajin lasisi, zama nawa ake bukata, kuma kuɗin ya ƙunshi maimaitawa in kitsen ya narke? Likitan da ya yi alkawarin kashi 100 zai kama ya faɗi abin da babu binciken da ya taɓa nunawa, kuma karɓar kuɗi a kan wannan alkawari ya shiga cin dukiyar mutane da ɓarna. Allah ne Mafi sani.